Tukunyar Giya a Tsakar Gida: Tarihinta da Abin da Ta Koya wa Likitoci

Mai karatu, ko kana cikin masu kusantar giya, ko kana cikin waɗanda addini da tarbiyya suka nisanta da ita, tarihin da ke tafe ya shafi gidanka. Tukunyar da ake dafa giya a cikinta 'yar'uwar tukunyar kamu ce da ta kunun zaƙi: hatsi ne da ruwa, sai kwana ɗaya ko biyu na jira har abin ya yi tsami. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke aiki a cikin wannan, su ne ko danginsu ke aiki a cikin waccan. Wani ɓangare na abin da likitoci suka sani a yau game da gubar da ke ɓoyewa a hatsin da aka jiƙa, da wadda ke fitowa daga jikin tukunya, da wadda mai neman riba ke zubawa da hannunsa, daga gawawwakin mashaya giyar gida aka koyo shi. Ilmin ya yi tsada ƙwarai, bai kamata ya tsaya a hannun likitoci kaɗai ba.

Dafa giya ya girmi rubutu. A Godin Tepe, cikin tsaunukan yammacin Iran, an sami ɓurɓushin giyar sha'ir a jikin wani tulu da ya haura shekara 5,000. A tsohuwar Iraƙi aikin mata ne, kamar daka da niƙa, har dokokin sarki Hammurabi, na wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, suka tanadi hukuncin jefawa a ruwa ga mai gidan giyar da ta cuci masu saye a wajen awo. A Masar kuwa, gurasa da giya na cikin abin da ake sallamar leburorin da suka gina dala. Hanyar ba ta sauya sosai ba tun daga wancan zamani. Ana jiƙa hatsi ya tsiro, domin tsiron ne ke sakin sinadarin da ke mayar da garin hatsi sukari. A shanya, a niƙa, a dafa, a bar shi ya huce, sannan yis ya cinye sukarin ya fitar da barasa da iska. Duk macen da ta taɓa zuba garin tsiro ko na dankali a kunu don ya yi zaƙi ta riga ta san rabin wannan ilmi.

Wani abin mamaki ya fito daga arewacin Sudan. A 1980 masu binciken da ke aiki tare da George Armelagos suka duba ƙasusuwan mutanen Nubiya da suka rayu tsakanin shekara ta 350 da 550, waɗanda aka tono a kusa da Wadi Halfa, sai suka tarar da alamar tetarasaikilin a jikinsu, wato maganin ƙwayoyin cutar da kimiyyar zamani ba ta gano ba sai a shekarun 1940. Har a ƙasusuwan yara akwai shi. Bayanin da binciken ya fi karkata a kai shi ne, wata halittar cikin ƙasa mai samar da wannan magani ta riƙa girma a hatsin da suke tsimawa, suka riƙa shan ta a cikin giyarsu mai kauri kamar kunu. Masu son giya suna yawan kawo wannan labari a matsayin hujja. Ni kuwa abin da nake gani a ciki daban ne: tukunyar da aka bari a buɗe tana karɓar duk baƙon da ya sauka. Mutanen Nubiya sun yi sa'a baƙonsu mai alheri ne. Za ka ga a gaba waɗanda ba su yi wannan sa'a ba.

A Ingila ta ɗaruruwan shekarun da suka wuce, kusan kowane ƙauye yana da matan da ke dafa giya a gida, iyali su sha, a sayar da ragowar. Akwai mai rauni da ake sha da abinci, har yara da barori. Daga baya aka shigo da al'adar zuba furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop, wanda ke hana giya saurin lalacewa. Da ta zama abin da za a iya ajiyewa a yi fatauci da shi, sai masu jari suka shigo, sana'ar ta fita daga hannun mata ta koma manyan masana'antu. Hukuma ma ta biyo sawun kuɗin: a 1516 Bavariya ta ƙasar Jamus ta kafa dokar da ta iyakance kayan haɗi ga ruwa da sha'ir da hop, a 1880 kuma Ingila ta wajabta lasisi ga mai dafawa a gidansa.

A nan ya kamata mu tsaya kan wata magana da ta daɗe tana yawo, wai mutanen da sun fi samun lafiya da giya fiye da ruwa. Tushenta na gaskiya ɗaya ne, kuma ya fito sarai a annobar kwalara ta 1854 a unguwar Soho ta Landan, wadda ta kashe mutum sama da 600. Likita John Snow ya bi gida gida yana ƙirga mamata, har ya gano cewa famfon titin Broad ne tushen cutar. A kan wannan titi akwai masana'antar giya mai ma'aikata kimanin 70, kuma kwalara ba ta kashe ko ɗaya daga cikinsu ba, domin ana ba su giya a wurin aiki, masana'antar kuma tana da rijiyarta, ba sa shan ruwan famfon. To, me ya cece su? Sun kauce wa gurɓataccen ruwa, abin da suke sha kuma an tafasa shi tsawon lokaci a wajen dafuwa. Wannan kariya tana hannunka a yau da tukunya da itace, ba tare da ɗigon barasa ba.

Bashin da asibiti ke bin tukunyar giya, ko kuma wanda take bin asibiti, ya fi haka girma. Masu sana'ar barasa a birnin Lille ne suka kai wa Louis Pasteur kuka cewa kayansu na lalacewa, ya duba da madubin ƙara girma, ya tabbatar cewa yis halitta ce mai rai, kuma wasu halittun daban ne ke shiga su ɓata aikin. A 1876 ya fitar da littafi guda a kan giya da cututtukanta. Wani likitan tiyata a Glasgow, Joseph Lister, ya karanta ayyukan Pasteur na farko ya yi tunani: idan ƙwayoyin halitta ne ke ruɓar da abin sha, me zai hana su ne ke ruɓar da rauni? A 1867 ya wallafa hanyarsa ta tsabtace rauni da kayan aiki, mace-macen bayan tiyata suka ragu. A 1883, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmak, Emil Christian Hansen ya ware yis iri ɗaya tsantsa ya rene shi, kuma a wannan ɗakin ne a 1909 aka ƙirƙiro ma'aunin tsami da ake amfani da shi har gobe wajen gwajin jini da fitsari. Daga nan hanya ta rabu biyu. Masana'anta ta san abin da ke cikin tukunyarta. Mai dafawa a gida ya ci gaba da dogaro da hanci da harshe.

Amurka ta gwada rufe ƙofar gaba ɗaya. Daga Janairun 1920 zuwa Disamban 1933 tsarin mulkin ƙasar ya haramta sarrafawa da sayar da barasa. Nan da nan shaguna suka cika da gwangwanayen ruwan tsiron sha'ir, wai don yin burodi, kowa kuma ya san inda suke ƙarewa. Giyar ɗakin girki ta wancan lokaci ta yi suna wajen rashin daɗi da fashewar kwalabe, amma ba ita ce ta cika maƙabartu ba. Masu fasa-ƙwauri ne suka riƙa satar barasar masana'antu, wadda doka ta sa a gauraya da guba don kada a sha, su yi ƙoƙarin tace ta su sayar. Gwamnati ta ƙara yawan gubar a wajen 1926 zuwa 1927, babban likitan binciken gawa na birnin New York, Charles Norris, ya fito fili ya zarge ta da hannu a mutuwar talakawa. A 1930 kuma wani ruwan citta mai barasa, da ake sayarwa a matsayin magani, aka gurɓata shi da sinadarin masana'anta, ya shanye ƙafafun dubun-dubatar mutane, da yawansu har ƙarshen rayuwa.

Dafa giya a gida don sha'awa, yadda Turawa suka san shi yanzu, bai daɗe ba. A 1963 ministan kuɗin Birtaniya, Reginald Maudling, ya soke lasisin nan na 1880. A Oktoban 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarje wa baligi ya dafa galan 100 a shekara ba tare da haraji ba, ko galan 200 ga gidan da ke da manya biyu ko fiye. A wannan shekarar Charlie Papazian da abokinsa suka kafa ƙungiyar masu dafawa a gida a jihar Kolorado, sai dai jihohin Misisipi da Alabama ba su amince ba sai 2013. Ka lura da abu guda: dokar 1978 ba ta haɗa da tatsar barasa ta hanyar tururi ba, Birtaniya ma ba ta sake wannan ba tare da lasisi ba. Mai wannan sha'awa a yau yana da tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, da ma'aunin zafi, da ma'aunin sukari, da yis na leda, yana kuma ɓata rabin lokacinsa a wanke-wanke. Wato ya ɗauko ilmin Pasteur ya mayar da shi ɗakin girki. Da wuya ka ji irinsa ya mutu da gubar tukunya. Abin da ya rage masa shi ne barasar kanta, za mu zo kanta.

A nahiyarmu labarin ya bi wata hanya. Giyar dawa da gero tana da sunaye da yawa: burukutu a tsakiyar Najeriya da sassan Arewa, fito a nan da arewacin Gana, dolo a Burkina Faso da Mali, bilbil a arewacin Kamaru da Chadi, marisa a Sudan. Maguzawa ma sun daɗe suna dafa ta don bukukuwa da al'adunsu. Kusan ko'ina aikin mata ne, kuma mata da yawa da ita suka ciyar da marayu suka biya kuɗin makaranta. Wanda zai yi maganar illarta da adalci dole ya san da haka. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, Arewacin Najeriya kuma ya shiga wannan hani a ƙarƙashin Lugga. Tukunyar dawa dai ba ta daina tafasa ba, musamman a ƙauyuka da sansanonin haƙar kuza na Jos.

A kudancin Afirka ne likitoci suka fara ganin abin da tukunyar kanta ke yi wa jiki. Dokar 1908 ta yankin Natal ta ba hukumar birnin Durban ikon zama ita kaɗai mai dafawa da sayar da giyar gargajiya, ta gina rumfunan sha, ta riƙa gudanar da unguwannin baƙaƙen fata da ribar da ta tatsa daga aljihunsu. Wasu birane suka kwaikwaya. Matan da aka ƙwace wa sana'a suka koma yi a ɓoye, suna binne ganguna a ƙasa saboda samamen 'yan sanda, har abin ya kai ga boren matan Cato Manor a Yunin 1959. Tukunyar ƙasa tana da nauyi, tana fashewa, ba ta ɗaukar da yawa. Gangar ƙarfe kuwa ga ta nan a banza a bakin masana'anta. Sai dai giyar dawa tana da tsami, tsami kuma yana cin ƙarfe.

A 1929 likita A. S. Strachan, wanda ya binciki ɗaruruwan gawawwaki a Johannesburg, ya ba da rahoton cewa hantar baƙaƙen fata da yawa cike take da sinadarin ƙarfe. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa giyar da aka dafa a gangar ƙarfe tana iya ɗaukar sama da miligiram 40 na ƙarfe a kowace lita, alhali ta masana'anta ba ta kai miligiram 1 ba. Jikin baligi miligiram 1 zuwa 2 kawai yake buƙatar tsotsa a yini, kuma ba shi da wata hanya ta fitar da rarar da ta shiga. Sai ta taru shekara bayan shekara a hanta da saifa da ɓargo, hanta ta taurare ta ƙanƙance, wasu su kamu da ciwon sukari, wasu da ciwon dajin hanta, tarin fuka kuma ya fi tsanani a jikinsu. Wani bincike da aka yi a Zimbabuwe, aka wallafa a 1992, ya nuna cewa gado ma yana da hannu, shi ya sa mutum biyu za su sha daga ganga ɗaya shekara ashirin, ɗaya ya kwanta, ɗaya yana yawo yana cewa ai ba ta komai. Wannan ya shafi duk inda duro ya maye gurbin randa, kuma ka san ya maye a wurare da yawa a ƙasarmu. Haɗarin ya ninka idan gangar ta taɓa ɗaukar fenti ko maganin ƙwari ko man inji.

Ƙarfe ba shi ne na farko ba. Tun a 1767 likita George Baker ya gano cewa matsanancin ciwon cikin da ya addabi mutanen Devon a Ingila daga dalmar da ke jikin kayan matsar tuffa yake, masu sana'ar kuma suka yi masa ca. A kudancin Amurka an yi ta samun gubar dalma a jinin masu shan barasar da aka tatsa ta tsohuwar lagireton mota. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a gaya musu abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro.

Yanzu ga baƙon da na yi maka alkawari. Ranar 9 ga Janairun 2015, a garin Chitima na lardin Tete a Mozambik, jama'a suka dawo daga jana'iza suka sha giyar masara da ake kira pombe. Waɗanda suka sha suka fara amai da gudawa da ciwon jiki, wasu suka suma. Mutum 75 suka mutu, fiye da 200 suka kwanta, matar da ta dafa giyar tana cikin mamatan. Nan take aka ce maƙiyi ne ya zuba ɗacin kada, jaridun duniya suka ɗauka, har aka kama wani mutum. Sai bayan watanni, da aka kai samfuri ɗakunan bincike a Amurka, aka gano gaskiya. Garin masarar da aka yi amfani da shi ruwan ambaliya ya taɓa jiƙa shi, an ga bai dace da tuwo ba, aka ce ai zai yi giya. Wata ƙwayar halitta ta girma a cikinsa ta saki gubar da ake kira bonkirek, sunan wani abincin kwakwa na tsibirin Java inda aka fara saninta. Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, tafasa ba ta kashe ta, kuma har yau ba ta da makari. Tana toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke samun kuzari, hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa su tsaya.

Kada ka ce wannan matsalar mashaya ce. A Oktoban 2020, a lardin Heilongjiang na ƙasar Sin, mutum tara 'yan gida ɗaya suka karya kumallo da taliyar da aka yi da ƙullun masara mai tsami, wanda ya daɗe a ajiye a firiza. Babu barasa a ciki ko kaɗan. Duk taran suka mutu, da wannan guba ta bonkirek. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Uwargida, hatsin da ruwa ya taɓa a rumbu, ko garin da ya dunƙule ya sauya launi, ko ƙullun da ya yi fumfuna mai launin ruwan hoda ko kore ko baƙi, ba shi da wani gyara. Kankare saman ba ya fitar da abin da ya riga ya ratsa ciki. Al'adar cewa hatsin da ya lalace a mayar da shi abin tsimi ita ce ainihin abin da ya kashe mutanen Chitima. Akwai kuma gubar fumfuna mai aiki a hankali, afalatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Tana son masara da gyaɗa da dawar da ba su bushe sosai ba, dafuwa ba ta gamawa da ita, kuma idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, haɗarin dajin hanta yakan ninka sau da yawa.

Saura wata guba mai kisa, metanol. A nan akwai kuskuren fahimta da ya kamata a gyara. Giyar hatsi da aka tsima kawai ba ta samar da metanol mai yawan da zai makantar da mutum. Bala'in yakan zo ne daga barasa mai ƙarfi irin ogogoro ta kudancin Najeriya, ko akpeteshi ta Gana wadda Turawan mulki suka haramta aka halatta a 1962, ko changa ta Kenya, kuma galibi saboda wani ya zuba sinadarin masana'anta don ya ƙara ƙarfi ya rage kuɗi. A Afrilun 2015 mutane suka fara makancewa suna mutuwa a Ode-Irele ta jihar Ondo, aƙalla 18. Aka fara cewa fushin abin bauta ne, kafin gwaji ya nuna metanol. Bayan wata biyu, kimanin mutum 70 suka mutu a jihar Ribas ta wannan hanya. A Iran, a farkon 2020, jita-jitar cewa barasa tana maganin korona ta halaka sama da mutum 700 cikin 'yan watanni, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa sha ba sai ranar.

Duk waɗannan baƙi ne a cikin tukunya. Mai gidan kuwa, wato barasar kanta, tana nan ko an yi tsabtar duniya. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa abin sha mai barasa a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, sahu ɗaya da taba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 da barasa, ya kuma nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake sha a duniya ba ya cikin lissafin kowace hukuma. Hanta ba ta tambayar ko daga kwalba abin ya fito ko daga ƙwarya. Giyar gida ma ta fi ruɗi, domin tana da kauri kamar abinci, ba ta da rubutun ƙarfinta a jiki, yis yana ci gaba da aiki a cikinta har ta yamma ta fi ta safe, kuma babu mai ƙirga ƙoƙo. Ƙarfinta yakan kai na giyar kwalba ko ya kusa.

Saboda ana kallonta kamar abinci ne ake miƙa ta ga waɗanda ta fi cutarwa. Mai ciki da ta sha, ɗan cikinta ya sha, kuma tun 1973 likitoci suka sa wa lahanin da hakan ke jawowa suna: ƙaramin kai, jinkirin girma, da wahalar karatu da ba ta warkewa. Maijego da ake ba fito don nono ya kawo, binciken da aka yi ya nuna akasin haka, jariri yakan sha ƙasa da yadda ya saba bayan uwa ta sha barasa. Mai ciwon sukari da ke kan allura ko ƙwaya, idan ya sha da yunwa sukarinsa na iya faɗuwa cikin dare, a ɗauka maye ne a bar shi ya yi barci. Mai shan maganin tarin fuka ko farasitamol da yawa yana ɗora wa hanta kaya biyu. Saboda haka, idan likita ya tambayi majiyyacinku ko yana sha, ku lissafa har da ta gida, ku faɗi ƙoƙo nawa da shekara nawa da irin tukunyar da ake dafawa. Kunya da tsoron doka sun sa iyalai da yawa suna ɓoye wannan, likita ya yi ta neman ciwo a inda ba ya nan. Kuma wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ku kulle shi a ɗaki ku ce ya daina yau. Yankewa farat ɗaya na iya kawo karkarwa da farfaɗiya da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, tana kuma kisa. Ana yin wannan ne a ƙarƙashin kulawar asibiti.

Game da metanol, abin da ke yaudarar iyali shi ne jinkirinsa. Mutum zai sha ya yi maye kamar kullum, ya farka kamar ya warware. Cikin awa 12 zuwa 24, wani lokaci fiye, hanta ta gama juya gubar zuwa wani sinadari mai tsami da ke cin jijiyar ido yana gurɓata jini. Sai ciwon kai da amai da ciwon ciki, numfashi ya yi sauri da zurfi, gani ya dushe kamar mai duba cikin hazo. Mililita 10, cokali biyu na shayi, na iya makantarwa. 30 na iya kashewa. Wannan guba tana da makari, ba kamar ta Chitima ba: akwai maganin fomefizol, inda babu shi kuma likitoci suna amfani da barasa tsantsa bisa awo don su shagaltar da hanta, tare da ruwan da ke rage tsamin jini da wankin ƙoda. Amma duk wannan yana aiki ne kafin ido ya tafi. Kada ku tsaya ba shi manja ko madara, kada ku sa shi amai, kada ku jira gari ya waye. Ku nufi asibiti mafi girma da za ku iya kaiwa, wanda ke da injin wankin ƙoda idan da hali. Ku tafi da ragowar abin da ya sha a cikin kwalba mai murfi. Sannan wani daga cikinku ya koma ya nemo duk wanda ya sha daga wannan tukunya ko wannan jarka, ko da yana zaune yana hira lafiya lau, a kai shi a duba shi a ranar.